Tambayoyi da Amsoshi kan Binciken Irin Alkama da Ƙarin Yabanya

Da zarar sanyin hunturu ya fara kaɗawa, maganar irin alkama takan taso a Kadawa, Haɗeja, Bakalori, Goronyo da sauran wuraren noman rani. Ga tambayoyin da manoma, dillalan iri da ɗaliban aikin gona suka fi yi, tare da amsoshinsu.

Yaya ake samar da sabon irin alkama?

Da haɗa iri biyu ake farawa. Mai bincike yana da wani iri mai yawan yabanya amma zafi na karya shi, ga kuma wani mai jure zafi amma zangarniyarsa ƙarama. So yake ya samu zuriyar da ta kwaso alherin kowanne. Sai dai furen alkama a rufe yake, namiji da mace suna wuri ɗaya, tana yi wa kanta barbara tun kafin furen ya buɗe. Dole sai an sa hannu.

Mai aikin yakan tsuguna gaban zangarniyar da ba ta daɗe da leƙowa ba. Ya cire ƙananan furannin sama da na ƙasa, ya datse bakin sauran da almakashi, sannan ya sa ɗan hantsaki ya zaro 'yan tsinkayen namiji guda uku da ke cikin kowane fure tun suna kore. Idan ɗaya ya kuɓuce masa, aikin ya ɓaci. Daga nan sai ya rufe zangarniyar da 'yar jakar takarda, ya rubuta suna da kwanan wata. Bayan kwana biyu zuwa huɗu ya yanko zangarniyar uban, wadda garin furenta ya nuna ya yi rawaya, ya zura ta cikin jakar ya karkaɗe. Ƙwayoyin da za su fito ba su cika tafin hannu ba, kuma a yamushe suke.

'Ya'yan farko duk kamanninsu ɗaya. A jikoki ne halaye ke warwatsuwa: dogo da gajere, mai saurin nuna da mai jinkiri, mai kamuwa da cuta da mai tsallake ta. Nan zaɓe yake farawa. Ana shuka dubbai, a zubar da mafi yawansu, a sake shuka waɗanda suka tsira, har zuriya ta biyar ko ta shida, lokacin da irin ya daidaita ya daina canza kama.

Shekara nawa wannan ke ci?

Bisa al'ada shekara 10 zuwa 12, daga ranar haɗawa zuwa ranar da irin zai shiga hannun manomi. Bayan ya daidaita, sai an gwada shi a wurare daban-daban shekara biyu ko uku, sannan a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya amince ya yi masa rajista, sannan a yawaita shi.

An samu dabarun rage lokacin. A 2018 masana daga Jami'ar Queensland ta Ostireliya da Cibiyar John Innes ta Ingila suka nuna cewa idan aka haska wa alkama fitila awa 22 a rana cikin ɗakin shuka, ana iya samun zuriya har shida a shekara guda. Wannan yana gajarta shekarun farko kawai. Gwajin gona ba a yi masa gaggawa, domin babu fitilar da za ta gaya maka yadda iri zai yi da zafin watan Maris a Kura.

Me ya sa alkamar zamani gajera ce?

Saboda taki. Tsohuwar alkama takan kai ƙirjin mutum, wata ma ta wuce. Idan aka ba ta taki sosai, zangarniya ta yi nauyi, iska ko ruwa kaɗan sai ta kwanta, hatsin ya lalace a ƙasa. Ke nan manomi ba shi da halin ƙara taki ko da yana da shi.

Maganin daga Japan ya fito. A 1935 aka fitar da wani gajeren iri mai suna Norin 10. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani masanin gona Ba'amurke, Samuel Cecil Salmon, ya kai shi Amurka, Orville Vogel ya haɗa shi da irin can a jihar Washington. A 1953 Vogel ya aika wa Norman Borlaug, masanin gona Ba'amurke da ke aiki a Meziko tun 1944 yana yaƙi da tsatsa, cutar da ke kama kara da ganyen alkama. Borlaug da abokan aikinsa 'yan Meziko suka sha wahala kafin su raba gajartar da munanan halayen da ta zo da su, kamar yamushewar ƙwaya. A 1962 suka fitar da Pitic 62 da Penjamo 62, daga baya Sonora 64 da Lerma Rojo 64.

Gajeren kara ba ya kwanciya da sauƙi, kamar gajeren ɗan dako ne da ya fi iya tsayuwa da kaya a ka. Sannan abincin da shukar za ta ɓatar wajen yin dogon kara sai ya koma cikin ƙwaya. A tsohon iri, hatsi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin shukar. A sabon ya kusa rabi. A 1966 Indiya ta sayo tan 18,000 na wannan iri daga Meziko. Alkamarta ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: irin kaɗai bai yi wannan aiki ba. Ya tarar da ban ruwa, da taki, da gwamnatocin da suka tsaya kan farashi. Inda babu waɗannan, gajeren iri bai nuna bajintar kirki ba. Masu kiwo ma sun yi ƙorafin raguwar kara.

Wannan aikin na Meziko ya taɓa shafar mu?

Ƙwarai kuwa. Borlaug ya riƙa shuka sau biyu a shekara: da sanyi a Ciudad Obregón, ƙasa mai zafi kusa da teku, da damina kuma a Toluca, kan tudu mai tsayin sama da mita 2,600. Gaggawa ce ta sa shi yin haka, amma sai wani alheri ya biyo baya. Irin da ya yi kyau a wuraren biyu ya zama bai damu da tsawon yini ba. Yawancin alkamar Turai ba ta fure sai yini ya yi tsawo, wata ma sai ta sha sanyi mai tsanani na makonni. Irin wannan idan aka kawo shi Kano, ganye kawai zai yi ta yi. Na Meziko kuwa ya yi fure a Indiya, a Masar, a Sudan, a nan ma.

CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya da aka kafa a Meziko a 1966, ta gaji aikin, tare da ICARDA mai kula da ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Duk shekara suna aika ɗaruruwan iri ga ƙasashe su gwada. A Najeriya, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin alkama. Sunayen da manoma suka sani, irin su Siete Cerros na da, da Atilla Gan Atilla, Norman da Reyna-28, ta wannan hanya suka zo.

Alkama kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta a lambuna da jigo, ana alkaki da funkaso da taliya. A Nijar ma akwai ta a lambunan Ayar da kewayen Ƙonni.

To me ya sa muke samun tan 1 ko 2 a hekta, Masar na samun sama da 6?

Babban dalili zafi ne da gajartar sanyinmu. Alkama shukar sanyi ce. Matsakaicin abin da duniya ke samu kimanin tan 3 da rabi ne a hekta, a Ingila da New Zealand kuma an taɓa haura tan 17 a gonar gasa. Amma alkamar Ingila takan yi wata goma ko fiye a gona tana tara abinci a hankali. Tamu cikin kwana 90 zuwa 110 take gama komai. Kwatanta su kai tsaye zalunci ne.

Zafi yana cutar da ita a matakai uku. Idan ta tsiro cikin zafi, ba ta yin 'ya'ya da yawa a gindi. Idan zafi ya haura digiri 30 lokacin fure, garin furen yana mutuwa, wasu gurabe a zangarniya su tashi babu ƙwaya. Idan kuma ya same ta tana cika ƙwaya, sai ta yi saurin bushewa kafin ta cika. Duk wanda ya taɓa murza zangarniyar alkamar da aka shuka a makare ya hure ƙaiƙayin ya san abin: ƙwaya siririya, mai tsaga mai zurfi a ciki, fatarta a tattare, mudu ya cika amma babu nauyi. Binciken da ya haɗa sakamako daga ƙasashe da dama ya nuna duk ƙarin digiri 1 na zafi yana rage alkamar duniya da kimanin kashi 6 cikin 100.

Shi ya sa malaman gona ke nanata a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don fure da cikar ƙwaya su faɗa cikin sanyin Janairu da farkon Fabrairu. Manomi ya san haka sarai. Abin da ke hana shi yawanci ba jahilci ba ne: shinkafar damina ba ta tashi daga filin ba, ko ba a saki ruwa ba, ko iri da taki sun iso a makare. Ingantattun irin da ake da su suna iya ba da tan 4 zuwa 5, wani lokaci fiye, idan an shuka da wuri an ba su haƙƙinsu. Tazarar da ke tsakanin wannan da abin da ake samu, kusan duk a wajen ɗakin bincike take, kuma abin takaici ne a ga aikin shekara goma ya salwanta saboda jinkirin mako uku.

Ana iya samun irin da zafi ba ya yi wa komai?

Wanda ba ya jin zafi sam, babu. Wanda ya fi wani juriya, akwai, kuma ana ta ƙara samu. Wahalar ita ce juriyar zafi ba a ƙwayar gado (abin da ke kai hali daga iyaye zuwa 'ya'ya) ɗaya ko biyu take ba kamar gajarta. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan nata. Masu bincike suna neman irin da ke saurin rufe ƙasa, mai dogon saiwa, wanda ganyensa ke daɗewa kore, mai iya kwaso abincin da ya ajiye a kara ya zuba cikin ƙwaya idan zafi ya matsa. Suna auna zafin ganye da na'ura, yanzu har da jirgi marar matuƙi, domin shukar da ganyenta ya fi sanyi da tsakar rana, saiwarta ta fi kai wa ga ruwa.

Sudan tana da muhimmanci a nan. Wad Madani, a tsakiyar Jazira inda Hausawa da yawa suka daɗe suna noma, tana cikin wurare mafi zafi da ake shuka alkama a duniya, don haka ta zama wurin tace iri. Wanda ya tsira a can yana da alamar zai yi a Jigawa. Irin Imam na Sudan ya yi suna ta wannan fuska. Yaƙin da ya isa garin a Disambar 2023 ya taɓa cibiyar binciken, kuma asarar ba ta Sudan kaɗai ba ce. A gaɓar Kogin Sanagal ma, masu binciken ICARDA sun samar da alkamar taliya mai nuna cikin kusan wata uku, a Sanagal da Muritaniya.

Zan iya ajiye iri daga girbina in shuka baɗi?

Za ka iya. Tunda alkama kanta take yi wa barbara, abin da ka girba shi ne abin da ka shuka, ba kamar masarar aure ba da ke lalacewa a shekara ta biyu. Abin da ke ɓata irin alkama gauraya ce: a masussuka, a injin casa, a buhu, a kasuwa. Ka ware gefe mafi kyau na gonar, ka tuge duk shukar da ta bambanta da sauran a tsayi ko launi, ka casa shi daban.

Ajiya ma jarrabawa ce, domin irin da aka girbe a Maris sai ya ƙetare zafin bazara da laimar damina kafin Nuwamba. Ya bushe sosai, a sa shi a abin da iska ba ta shiga. Kafin shuka, ka ƙirga ƙwaya 100 ka binne a jiƙaƙƙen yashi. Idan ƙasa da 85 suka tsiro bayan mako guda, ka ƙara yawan irin ko ka canza. Bayan shekara uku ko huɗu ya fi kyau a sabunta daga mai shaidar hukumar iri.

Waɗannan irin ba su ne waɗanda aka sauya wa halitta ba?

A'a. Irin da ake nomawa a Najeriya da Nijar ta hanyar haɗawa da zaɓe aka same su, yadda aka bayyana a sama. Alkamar da aka saka wa ƙwayar gado daga wata shuka daban, wadda ta kai ga gonakin kasuwa, ita ce HB4 ta kamfanin Bioceres na Ajantina. An ɗauko mata ƙwayar jure fari daga furen bi-rana, Ajantina ta amince da ita a 2020, a 2022 kuma Najeriya ta ba da izinin shigo da hatsinta don niƙa, ba don shuka ba.

Akwai kuma sabuwar dabarar gyara ƙwayar gadon shukar kanta ba tare da kawo baƙuwa ba. A 2014 masana a Sin ƙarƙashin Gao Caixia suka yi amfani da ita suka samar da alkama mai jure cutar farin ƙura a ganye. Mai tambaya yana da haƙƙin a gaya masa wace hanya aka bi, a fili, a jikin buhu.

An ce an karanta dukkan ƙwayoyin gadon alkama. Me hakan ya amfana?

An yi, a 2018, bayan shekara 13 ana aiki, da masana sama da 200 daga ƙasashe 20, a kan wani iri mai suna Chinese Spring. Ya daɗe saboda girman abin. Rubutun gadon alkama ya ninka na ɗan Adam sau biyar, ya ninka na shinkafa kusan sau arba'in, kuma mafi yawansa maimaici ne. Dalili shi ne alkamar burodi ciyayi uku ne suka haɗu: biyu suka fara haɗuwa suka ba da kakar alkamar taliya mai kuromosom 28 (zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu), sannan wajen shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce ta haɗu da wata ciyawar daji a kudancin Tekun Kasfiyan, aka samu mai 42. An gano ƙwayoyin gado sama da 107,000.

Amfanin a aikace shi ne zaɓe tun shuka na ƙarama. Maimakon a jira cuta ta zo a ga wanda ya tsira, sai a yanki ɗan ganye a duba ko yana ɗauke da abin da ake nema. Yana rage kuɗi da lokaci. Duk da haka ƙarin yabanyar da bincike ke kawowa bai cika wuce kashi 1 cikin 100 a shekara ba.

Mene ne tsatsa, kuma me ya sa ake yawan maganarta?

Cuta ce da iska ke ɗaukar ƙwayoyinta ɗaruruwan kilomita. Iri uku ce: ta kara, ta ganye, da rawaya mai layi-layi. Ta kara ta fi muni. Gonar da ke kore shar za ta iya zama karyayyun kara cikin makonni kaɗan. An yi shekaru ana ganin an gama da ita, sai a 1998 aka ga sabon nau'i a Uganda, aka sa masa suna Ug99, wanda ya karya garkuwar da yawancin alkamar duniya ta dogara da ita. Ya bazu Kenya, Habasha, Sudan, Yaman, ya kai Iran a 2007. Tun daga nan ake kai dubban iri Njoro a Kenya duk shekara a gwada su. A 2013 wani nau'in daban ya faɗa wa irin Digalu a Habasha, wasu manoma suka tashi babu komai.

Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne kada a jingina da ƙwayar garkuwa ɗaya. A tara da yawa a iri guda. A noman raninmu busasshiyar iska tana rage wa tsatsa ƙarfi, tunda sai da raɓa take kama ganye. Amma masu son yaɗa alkamar damina a tsaunukan Jos da Mambila dole su sa ido.

Tsofaffin iri na gargajiya fa, sun tashi aiki?

Ko kaɗan. Daga cikinsu ake haƙo sababbin halaye. Wani masani a Ingila, Arthur Watkins, ya tara tsofaffin iri daga ƙasashe 32 a shekarun 1920 da 1930. Da aka binciki guda 827 daga ciki, sakamakon 2024 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na bambancin da ke cikinsu bai taɓa shiga alkamar zamani ba. Lokacin da yaƙin Siriya ya raba ICARDA da rumbunta na ajiyar iri da ke kusa da Halab, kwafin da ta ajiye a rumbun iri na duniya da ke Svalbard a Norwe ne ya cece ta. Ta karɓo shi a 2015 ta sake shukawa a Labanon da Maroko. Tsohuwar alkamar lambunan Barno, Yobe da Ayar ta yi ƙarnuka tana fama da zafinmu. Ya kamata a tattara ta a adana kafin ta ɓace daga hannun tsofaffi.

Me ya sa masu niƙa ke cewa alkamar gida ba ta kai ta waje ba?

Burodi yana son fulawa mai danƙo da ke riƙe iska idan ƙullu ya kumbura. Danƙon ya dogara da irin, da kuma yawan takin yuriya da shukar ta samu wajen fitar zangarniya. Masu bincike suna gwada wannan kafin su saki iri. Abin da ya fi damun kamfanoni shi ne rashin daidaito: buhu ɗaya iri uku, ga tsakuwa, ga yamusasshiyar ƙwaya mai ƙarancin gari. Masu gurasa da alkaki kuwa suna da nasu ma'aunin, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba idan ana zaɓen iri, alhali su ne kasuwar da ta fi kusa da manomi.

Bincike zai iya sa Najeriya ta daina sayo alkama?

Shi kaɗai, a'a. Ƙasar na shigo da tan miliyan 4 zuwa 6 a shekara, sama da kashi 90 cikin 100 na abin da take ci. An taɓa gwada hana shigowa a 1987, noman ya ƙaru a Kano da maƙwabta, amma bai kusa cike giɓin ba, aka janye dokar bayan 'yan shekaru. Filin ban ruwa yana da iyaka, shinkafa da tumatir da albasa ma suna son sa. Abin da za a iya cimmawa, kuma ya cancanci a dage a kai, shi ne ninka abin da kowace hekta ke bayarwa, da riƙe masu bincikenmu da kuɗin aiki ba yankewa, domin layin iri da aka bari shekara biyu ba a shuka ba yana iya salwanta gaba ɗaya.

Ta yaya zan gane sabon iri ya fi wanda na saba?

Kada ka juye gonarka duka a shekarar farko. Ka ware kwamai kaɗan ka shuka sabon kusa da tsohon, rana ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Ka lura da ranar da kowanne ya fitar da kai, wanda ya kwanta bayan ban ruwa, da wanda jan-baki suka fi ci, domin mai dogon gashi a zangarniya ya fi ba tsuntsu wahala. Da girbi ka casa kowanne daban, ka auna da sikeli ba da mudu ba. Ka maimaita shekara ta biyu, saboda sanyin bana ba lallai ya zama na baɗi ba.